An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Rigimar Siyasa a Wasannin Kimiyya na Talabijin

Kwanakin baya, a ɗakin hutun malamai na makarantar sakandaren da nake koyarwa, gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aikina mai koyar da lissafi, har aka kaɗa ƙararrawar komawa aji ba mu rabu ba. Shi dai malamin nan mutum ne mai sha'awar wasannin kwaikwayo na talabijin irin na ƙagaggun labaran kimiyya, wato waɗanda ake nuna kumbo yana keta sararin samaniya, da halittun wasu duniyoyi, da mutum-mutumi mai magana. Ya ce shi fa ya daina kallo, domin wai marubutan yanzu sun lalata harkar da siyasa. A cewarsa, da can mutum zai zauna ya huta, ya ga an harba kumbo, an yaƙi dodanni, an dawo gida lafiya. Yanzu kuwa kana cikin kallo sai ka ji kamar kana tsaye gaban ɗan takara a filin kamfe.

Wannan kuka ba shi ya fara shi ba. Tun daga shekarar 2017, lokacin da aka soma nuna Star Trek: Discovery a Amurka, kuma gidan BBC ya ba da sanarwar cewa mace, Jodie Whittaker, ce za ta hau matsayin tauraron Doctor Who bayan fiye da shekara 50 maza na gadon juna, masu kallo suka rabu gida biyu. Ɓangare guda na cewa a tsame siyasa daga cikin nishaɗi. Ɗaya ɓangaren na cewa duk wanda ya yi ƙorafi, to miki aka fama masa.

Da a ce abin ya tsaya can ƙasashen ƙetare, da ban ɓata takardar wannan mujalla ba. To amma a makon da muka yi gardamar, sai wani ɗalibina ɗan ajin ƙarshe, shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ya kawo mini rubutun wasa da ya yi, yana so in duba masa. Labari ne na shekara 200 nan gaba, wasu matasa sun tashi a kumbo za su nemo ruwa a wata duniya. Shafi 6 na farko na karanta su ban ɗaga kai ba. A shafi na 7, iskar shaƙa tana ƙarewa, inji yana hayaƙi, sai kyaftin ɗin kumbon ya dakatar da komai, ya tara jama'arsa ya yi masu lacca ta shafi 3 cur a kan illar cin hanci da sayar da ƙuri'a. Da na tambayi yaron dalili, ya ce, “Malam, ai kai ka ce mana rubutun da babu faɗakarwa a cikinsa ba shi da amfani.” Nan jikina ya yi sanyi, domin kuwa ni ɗin ne na faɗa.

Saboda haka wannan rubutu martani ne ga mutum biyu, abokin aikina da ɗalibina, kuma ta kansu nake magana da duk wani ɗan wannan ƙungiya tamu mai riƙe da alƙalami. Matsayina shi ne, masu cewa a fitar da siyasa daga labaran kimiyya sun bar jaki suna dukan taiki. Siyasa tana cikin jinin wannan nau'in wasa tun farkon shigarsa akwatin talabijin. Abin da ya cancanci bulala shi ne ragwancin marubucin da ya kasa dafa saƙonsa a cikin labari, ya ɗauko shi ɗanye ya cusa wa mai kallo a baki.

Yaushe aka taɓa yi babu siyasa?

A watan Agusta na 1955 aka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till a jihar Misisipi ta Amurka, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya. Aka gurfanar da fararen fata biyu, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, waɗanda su ma duk fararen fata ne, suka wanke su. Bayan 'yan watanni mutanen biyu suka amsa laifinsu a wata mujalla da ta biya su kuɗi. Abin ya tsaya wa wani matashin marubucin talabijin, Rod Serling, a rai, ya rubuta wasa a kai. A wancan zamani kamfanoni masu tallar haja su ne ke ɗaukar nauyin shirye-shirye, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin ƙarfen da ke biyan kuɗin shirin ya ji tsoron fushin 'yan kudancin ƙasar. Kafin wasan ya fito a 1956, an ɗauke labarin daga kudu an kai shi arewa maso gabas, wanda aka kashe ya koma wani baƙo da ba a ambaci ƙasarsa ba, har kwalaben Coca-Cola sai da aka kwashe daga wurin wasan don kada a ji ƙanshin kudu. Ya sake gwadawa a 1958, wannan karon aka mayar masa da labarin shekarun 1870, yaron kuma ya zama ɗan Meziko.

Da Serling ya ga ƙofar gaba a rufe take, sai ya zagaya ta baya. A watan Oktoba na 1959 ya fito da The Twilight Zone, shirin da ya kai kashi 156 kafin ya tsaya a 1964, shi da kansa ya rubuta 92 daga ciki. Dabararsa ita ce, abin da aka hana ɗan Adam ya faɗa a talabijin, halittar wata duniya za ta faɗe shi masu tace shirye-shirye suna kallo ba su ankara ba.

Dubi kashin da ya fito a watan Maris na 1960, The Monsters Are Due on Maple Street. Wata unguwa ce ta masu zaman lafiya. Wani abu ya gifta ta sama, sai wuta ta ɗauke, tarho ya mutu, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya taɓa karantawa a littafin labarai cewa baƙin halittu kan turo 'yan leƙen asiri cikin siffar mutane. Shi ke nan. Motar wani ta tashi da kanta, aka ce shi ne. Kuma an san ba ya barci da dare, yana fitowa yana kallon sama, aka ce lallai shi ne. Kafin gari ya waye wani ya bindige maƙwabcinsa da ke dawowa daga dubo unguwar gaba, sauran suka shiga jifan juna. Sai a ƙarshe aka nuno baƙin halittu biyu a kan tudu, su ne ke kunna wuta suna kashewa, ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Ba a ambaci jam'iyya ba, ba a ambaci sunan kowa ba, amma duk Ba'amurken da ya ga zamanin Sanata Joseph McCarthy, daga 1950 zuwa 1954, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai ya isa ya raba mutum da aikinsa, ya san da wa ake.

Haka Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya fito da shi a 1966. A lokacin da baƙaƙen fatan Amurka ke shan kulki a tituna, sai ga mace baƙar fata, Nichelle Nichols, a matsayin hafsa a ɗakin tuƙin kumbo, an sa mata suna Uhura, daga kalmar Suwahili mai nufin 'yanci. Kusa da ita ga George Takei, wanda ya yi ƙuruciyarsa a sansanonin da gwamnatin Amurka ta tsare 'yan asalin Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1967 aka ƙara da ɗan Rasha, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Nichols ta sha ba da labarin yadda ta so barin shirin, Martin Luther King ya ce mata kada ta kuskura. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura na cikin abin da ya zaburar da ita. A Ingila kuwa, mugayen halittun nan na Doctor Who da ake kira Daleks, waɗanda suka fara bayyana a 1963, marubucinsu Terry Nation ya gina su ne a kan 'yan Nazi. A 1988 shirin ya nuna wata duniya da baƙin ciki ya zama laifin da ake kashe mutum a kansa, ƙarƙashin wata shugaba da aka ɗinka wa rigar Margaret Thatcher, ita kuwa a lokacin tana kan kujerar Firayim Minista.

To ina wannan zamani mai albarka da abokin aikina ke kewa, wanda aka yi labarin kimiyya babu siyasa? Abin da ya faru kawai shi ne, a lokacin da ya fara kallo yaro ne, kumbon ya gani bai ga abin da aka ɗoro a ciki ba.

Laifi tudu ne

Akwai kuma wata tambaya da masu wannan kuka ba sa son a yi masu: wace siyasar ce ke damunsu? A watan Maris na 1968, lokacin da Amurka ke da sojoji kimanin rabin miliyan a Biyetnam, Star Trek ya nuna wani kashi mai suna The Omega Glory, wanda Roddenberry ya rubuta da hannunsa. An je wata duniya mai nisa inda ƙabilu biyu suka daɗe suna yaƙi. Can sai ɗaya ƙabilar ta fito da kayanta masu tsarki, sai ga tutar Amurka da takardar tsarin mulkin Amurka. Kyaftin Kirk ya karɓa ya karanta masu da murya mai kaɗawa, ya fassara masu ma'anarta. A wata duniya fa! Idan wannan ba saƙon siyasa ba ne, to a gaya mini mene ne. Shi kansa kumbon, sunansa Enterprise da muƙaman hafsoshinsa duk daga rundunar sojan ruwan Amurka aka aro su.

Kazalika a 1989, a Star Trek: The Next Generation, wasu mutanen wata duniya suka ɗauki Kyaftin Picard a matsayin abin bauta. Ya ƙi yarda, wanda daidai ne. Amma a cikin bayaninsa ya nuna cewa watsi da imani da gaibu ci gaba ne, komawa gare shi kuma komawa ce cikin duhun camfi. Wannan ra'ayin Roddenberry ne, mutumin da bai ɓoye nesanta kansa da addinai ba, aka sa shi a bakin jarumin da yara ke ƙauna. A duniyar gobe ta wannan shiri, 'yan Adam masu tuƙa kumbo sun wuce talauci, sun wuce yaƙi a tsakaninsu, kuma da wuya ka ga wani ya tsaya yin ibada. Mu da muke kallo daga nan, wannan saƙo ya fi kusa da jijiyarmu a kan batun wane jinsi ne zai tuƙa kumbo, amma ban cika jin masu kururuwar a cire siyasa sun ɗaga murya a kansa ba.

Dalili a fili yake. Siyasar da mutum ya yarda da ita ba ya ganinta a matsayin siyasa, gani yake haka duniya take. Sai an faɗi wadda ba tasa ba yake jin an cika masa kunne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ya zana duniyar shekara 300 nan gaba, sai ya yanke shawarar wa ke mulki, wa ke shara, wane harshe ake yi, wa ya ɓace gaba ɗaya ba a ko tuna da shi. Kowace daga cikin waɗannan shawarwari siyasa ce, ko marubuci ya sani ko bai sani ba.

Inda masu kukan suke da gaskiya

Kada mai karatu ya zaci na wanke marubutan yanzu tas. Ban wanke su ba. Abokin aikina ya ji wari na gaskiya, inda warin ke fitowa ne ya kuskure. Bari in kawo misali da shiri ɗaya, da jigo ɗaya, a hannun marubuta mabambanta.

A 1973 Doctor Who ya nuna The Green Death. Wani ƙauye ne a yankin Wales da aka rufe mahaƙar kwal ɗinsa, magidanta suka rasa aiki. Sai ga kamfanin sarrafa mai ya zo da alƙawarin aiki da arziƙi, yana zubar da dattinsa a asirce cikin tsohuwar mahaƙar. Wanda ya taɓa dattin, jikinsa ya koma kore ya mutu. Daga ƙarshe tsutsotsi masu girman kare suka fara fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Yaron da ya kalli wannan ya kwana da tsoron tsutsa, ya kuma tashi da sanin cewa abin da aka binne yana dawowa. Bugu da ƙari, labarin bai mayar da mutanen ƙauyen wawaye ba, ya nuna cewa yunwa ce ta sa suka yi maraba da kamfanin.

A watan Janairu na 2020 shirin ya dawo kan batun muhalli da kashin Orphan 55. An je wani wurin shaƙatawa da aka gina a wata matacciyar duniya mai cike da dodanni, daga baya aka gano ashe duniyarmu ce bayan ta lalace, dodannin kuma jikokinmu ne. Tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma a nan ya kamata a tsaya. Amma ina! Bayan an gama gudu da ihu, sai tauraruwar ta juyo ta yi wa abokan tafiyarta jawabi a kan ɗumamar yanayi da wajibcin mutane su canza hali, jawabin da kowa ya san mu da ke gaban akwati ake nufi. Ni da nake ganin yadda hamada ke cinye gonaki ba ni da ja da saƙon. Abin da na ƙi shi ne a raina mini hankali, a nuna mini abu sannan a kama kunnena a ce ka dai gane ko? Daddawa ita ce daɗin miya, amma ranar da ka tauna ƙullinta guda a cikin loma, ka san mai girkin ta yi ganganci.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A watan Maris na 2022, a ƙarshen zango na 4 na Star Trek: Discovery, aka nuno shugabar duniya baki ɗaya tana saukowa daga jirgi, sai ga Stacey Abrams, 'yar jam'iyyar Dimokurat, wadda a daidai lokacin take neman kujerar gwamnan jihar Jojiya. Ko kana sonta ko ba ka sonta, wannan ya tashi daga adabi ya koma fosta. Mai kallo da aka kai shi ƙarni na 32, a cikin daƙiƙa ɗaya an fizgo shi an dawo da shi rumfar zaɓe. Shi dai wannan shiri, a 2017, ya sa wani kyaftin ya jera sunan Elon Musk tare da 'yan'uwan nan Wright da suka fara tashi a jirgin sama, a matsayin gwarzon da tarihi zai tuna. Bayan shekara 7 Musk ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a yaƙin neman zaɓen Donald Trump, yabon ya zama abin dariya ga wasu, abin kunya ga wasu. Wanda ya ɗaure labarinsa a ƙafar mutumin yau, duk inda mutumin ya faɗa tare za su faɗa.

Don adalci, wannan cuta ma ba sabuwa ba ce. A watan Janairu na 1969 tsohon Star Trek ya nuna wasu mutum biyu, kowanne rabin fuskarsa baƙi rabi fari, suna ƙin juna don ɗaya baƙinsa a dama yake, ɗaya a hagu. Ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa. Shi ma Serling yakan rufe kowane kashi da 'yar nasiha. Sai dai tasa tana zuwa ne bayan labari ya gama aikinsa, daga wajen labarin, kamar ƙurunƙus ɗin mai tatsuniya. Ka cire ta, unguwar Maple tana nan tana cin wuta a zuciyarka.

Yadda gwanaye suke yi

A 1993 Star Trek: Deep Space Nine ya nuna wani kashi mai suna Duet, kusan dukansa mutum biyu ne a ɗaki ɗaya. Manjo Kira tsohuwar 'yar gwagwarmaya ce, wadda wata al'umma mai ƙarfin soja ta mamaye duniyarsu shekaru da dama. Sai ga wani ɗan waccan al'umma ya faɗo hannunta, bincike ya nuna shi ne kwamandan wani sansanin aikin tilas da aka hallaka mutanenta a ciki. Bai musa ba, har alfahari yake yi, yana dariya. Kira ta ƙagu a rataye shi, mai kallo ma haka. Can sai aka gano kwamandan ya daɗe da mutuwa. Wannan mutum akawun sansanin ne mai ajiye fayil, wanda yakan ɓuya da dare ya toshe kunnuwansa don kada ya ji ihun waɗanda ake azabtarwa, bai taɓa iya cewa uffan ba. Kunyar shirunsa ce ta sa ya yi tiyata ya ɗauki fuskar maigidansa, domin a gurfanar da shi, al'ummarsa ta ji abin da ta aikata. Kira ta sake shi. Suna fitowa wani ɗan ƙasarta ya daɓa masa wuƙa, ya ce ai kasancewarsa ɗan waccan al'umma ya isa dalili. Amsar Kira ba ta wuce kalmomi kaɗan ba, ta ce bai isa ba. Matar da ta fara wasan da wannan ra'ayi ita ce ta ƙare tana ƙaryata shi, kuma mun ga abin da ya ci mata kafin ta kai nan.

A 2006, shekara 3 bayan Amurka ta mamaye Iraƙi, Battlestar Galactica ya sa jarumansa, waɗanda Amurkawa masu kallo suka ɗauka su ne su, a ƙarƙashin mamaya. Ana kama su da dare, ana tsare su ba shari'a, har wani kanar daga cikinsu ya fara tura 'yan ƙunar baƙin wake, tsohuwar shugabarsu ta farar hula tana cewa wannan ta'asa ce. Shirin bai yaba aikin ba, bai kuma tsaya yin huɗuba ba. Ya dai ɗauki mai kallo ya zaunar da shi a kujerar da bai taɓa zama ba, ya bar shi da damuwarsa.

Kada a ce sai da. A 2022 shirin Andor ya kai tauraronsa wani kurkuku fari fat a tsakiyar ruwa. Fursunoni ba takalmi, daɓen ƙasa na ɗauke da lantarki, teburin da ya fi aiki a sa wa abincinsa ɗanɗano, wanda ya zo ƙarshe a jona masa wuta. Shugaban fursunonin ya yarda da tsarin, yana ƙirga kwanakinsa, har ranar da ya gano ba a sakin kowa. A nan ne ya yi jawabi, kuma jawabi ne na siyasa tsantsa, amma sai da muka yi kashi 3 muna takawa tare da shi a kan wannan daɓe. Da suka fasa kurkukun suka iso bakin ruwa, sai ya ce bai iya iyo ba. Ashe ya san haka tun yana magana. Jawabi ba haramun ba ne a wasa, sai dai a saye shi da tsada kafin a furta.

Mu kuma fa?

'Yan'uwa marubuta, wannan darasi namu ne fiye da na kowa. Mu ne muka gaji tatsuniyar Gizo a fadar zaki, inda ake faɗa wa mai mulki gaskiya ta bakin dabba. Mu ne masu habaici da zambo da gugar zana. Tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya ba mu Tauraruwa Mai Wutsiya, ya nuna Hausa za ta iya ɗaukar labarin sararin samaniya, kuma har yau filin da ya share bai cika ba. Yanzu da wasanni masu dogon zango suka yawaita a talabijin da wayoyin hannu, ba da jimawa ba matasanmu za su shiga wannan fage da ƙarfi. Tsorona shi ne su shiga da tsohuwar al'adarmu ta kawo wani dattijo a babin ƙarshe ya tara kowa ya karanta masu darasin da labarin ya kasa koyarwa.

Kafin ka miƙa rubutunka, yi masa tambaya uku. Ta farko, in na cire jawabin nan, saƙon yana nan? In yana nan, jawabin ba shi da aiki. In ya ɓace, labarin ne ba shi da aiki. Ta biyu, na ba abokin hamayyar ra'ayina hujjarsa mafi ƙarfi, ko kuwa na yi shi da kara ne don ya yi daɗin turewa? Ta uku, me gaskiyar nan ta ci wa wanda ya faɗe ta?

Da waɗannan tambayoyi na mayar wa ɗalibina rubutunsa, na kuma ba shi haƙuri a kan rabin darasin da na koya masa. Bayan mako biyu ya dawo. Laccar ta tafi. A madadinta, ma'aikatan kumbon sun buɗe tukwanen iskar ajiya sun tarar rabinsu fanko ne, domin ɗan kwangilar da ya cika su ya raba kuɗin da wanda ya sa hannu a takardar, wanda ya sa hannun kuwa mahaifin kyaftin ne. Kalmar rashawa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Da 'yan ƙungiya suka karanta, sai da suka yi rabin sa'a suna musu a kan ko ya kamata kyaftin ya gaya wa jama'arsa gaskiya.

Abokin aikina kuwa har yanzu bai sallama ba, ya ce shi dai a bar masa kumbonsa. Na ce masa kumbon nasa tun daga tashar farko da kaya ya taso. Wanda duk ke da ja a kan abin da na faɗa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ga fili ga mai doki. Allah ya yi mana jagora.